Ranar da Na Auna Fiffike a Gonar Malam Sale

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na je Korgom gaida iyayen Hadiza, yarinyar da nake nema. Ban daɗe da dawowa daga bakin teku ba, inda jami'a ta kai mu ganin manyan fankokin da iska ke juyawa su ba da wutar lantarki. Kafin in hau babur, yayata ta ja mini kunne cewa gaban surukai mutum kan tuɓe takalmi, ya sunkuyar da kai, ya amsa da kalma biyu.

Na kiyaye, har Baba Isufu, mahaifin Hadiza, ya tambaye ni ko gaskiya ne fankar ta kai kuka tsawo.

Da na ce e, da an wuce wurin. Amma ni ina tsoron faɗin abin da bai cika daidai ba. Sai na ce, a iya ganina, kuma ina iya yin kuskure, sai an ɗora kuka biyar ko fiye. Na ƙara da cewa fukafukai uku gare ta, iskar teku ke tura su a hankali, injin da ke bisa ya mai da juyin wuta, kuma fiffike ɗaya zai yi taki saba'in (ko kusa da haka, ban auna da ƙafata ba).

Wani kawun Hadiza ya yi dariya, ya ce 'yan lakkol, 'yan boko ke nan, ba su raina ƙarya.

Nan hankalina ya tashi. Wa zai ba maƙaryaci 'ya? Na miƙe, na zaro littafi da alƙalami, na fara taki daga bakin zaure ina ƙirgawa da ƙarfi. Na wuce rumbu, na wuce turken jaki, na tsallake wani layin gamba ban kula ba. A na saba'in na tsinci kara na kafa, na rubuta a littafi. (Takalmina suna can zaure. Ƙarangiya kuwa ta yi mini maraba.)

Ashe gambar nan ita ce iyakar gonar maƙwabci, Malam Sale, wanda suka yi shekara da shekaru suna jayayya da Baba a kanta. A ƙauye kuma, baƙon da ke taki da littafi yana kafa alama aikinsa ɗaya ne.

"Isufu, har ka ɗauko mai awon fili daga Tasawa?" in ji Malam Sale, da hauya a kafaɗa.

Kafin in buɗe baki mutane sun taru, an aika kiran mai gari. Na ce ba gona nake aunawa ba, fiffike ne. Suka tambaya ina tsuntsun. Sai na tsaya da ƙafa ɗaya saboda ƙaya, na ware hannuwa ina juya su, ina hura iska da baki. A haka mai gari ya same ni. A haka kuma na hango Hadiza ta bisa darni, ta toshe baki da mayafi.

Malam Sale ne ya fara fashewa da dariya, har ya jingina da kafaɗar Baba.

Da aka koma zaure ina cirar ƙaya, Baba ya ce, "Wanda ya taka ƙarangiya don kada a ce ya yi ƙarya, na ba shi. Amma kada ka ƙara auna komai a garin nan."

Yau shekararmu biyu da aure, kuma duk Korgom Fanka suke kirana. In aka tambaye ni girman wani abu yanzu, ko da teku ne, ina zaune nake cewa babba ne ƙwarai.