Ranar da Na Kwaɗa Binciken Madam

Ba zan taɓa mantawa ba da damanar da aka sauke mini Madam a gida, a Tarka, bayan babban fari. Anasara ce, ta zo da Mushe Isufu, wato Malam Isufu a Faransance, daga Yamai. Shi ƙasa yake aunawa, ita kuma komai nata ne: ciyawa, waƙoƙin daka, labarin tsofaffi. Ni aka zaɓa don na gama karatun manya, ina ɗan jin Faransanci (ɗan kaɗan, amma da ƙarfi nake yin sa).

Kullum da safe sai ta shiga daji ta dawo da ganye. Tafasa, yaɗiya, har anza, abin da muka ci lokacin yunwa muna kuka. Ba a jima ba maƙwabciyata Ta-Annabi ta tare ni a rijiya.

"Ƙawa, rumbunku ya ƙare ne? Mun ga baƙuwarki tana kiwo."

Mata suka kwashe da dariya. Ni da ko a shekarar yunwa baƙo bai kwana da ciki wayam a gidana ba! Na ajiye guga na nufi gida.

Na shiga ɗakin Madam, na tarar da ganye jibge a tsakanin jaridu, ta danne da dutse. Tausayi ya kama ni. Ashe baiwar Allah tanadi take yi, kunya ta hana ta cewa ba ta ƙoshi! Na zazzage duka a tukunya, ban tsaya dubawa ba, na hura wuta da jaridun. Na dafa, na tace, na sa ƙuli da barkono. Sannan na aika a kira Ta-Annabi ta zo ta gani da idonta.

Madam ta ci ta ƙara, ni da Ta-Annabi ma muka sa hannu. Mushe Isufu har da suɗe kwano.

"Inna, wane ganye ne wannan?" in ji shi.

Na gyara ɗankwali na ce, "Na ɗakinta ne. Gaya mata, a gidana ba a ɓoye yunwa."

Da ya fassara, Madam ta ajiye cokali a hankali. Ganyen nan, in ji Mushe, shi za ta kai jami'a a ga abin da ya tsira bayan fari. Aikin rabin damana ke nan muka sa wa ƙuli.

Sai Madam ta yi dariya har da hawaye, ta ce aƙalla an gano duka ana ci.

Ba duka ba. Akwai filasko a ciki. Kafin la'asar mu huɗu muna layi a bayan gida, Ta-Annabi a gaba, tana riƙe da buta tana tsine mini.

Sauran damanar ni na riƙa bin Madam daji da kwando a ka, muna sake tsinta. Sai gari ya ce yanzu mu biyu ke kiwo.

Tun daga nan, ko tsakuwa na ga baƙo ya ajiye, sai na tambaya: ta ci ce, ko ta karatu?