Ranar da Bakina Ya Kama Sunan Ɗan Fari

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Laraba a Dutsin-Ma, ko na so mantawa ma waɗanda ke wurin ba za su bar ni ba. Akwai Alhaji Sada ma'aji, shugaban ɗana a wurin aiki. Akwai Mista Bulus, wani Kirista mutumin wajen Jos da aka turo ya koyar. Akwai akantoci cike da ɗaki. Akwai Talatu mai tuwo, 'yar unguwarmu a Kurfi, wadda aka ba aikin dafa musu abinci. Sai shi kansa yaron, ɗana na fari. (Kada ku jira in faɗi sunansa. Rana ɗaya na taɓa faɗa a duniya, shi ne ma labarin nan.)

Ni ban yi boko ba, amma duk Kurfi an san ni da abu biyu, ido da kunya. Ba a yin ba daidai ba a gabana in kau da kai. Talatun nan ma na taɓa tsinka ta a gidan suna don ta kira ɗanta na fari da sunansa, har tana yi masa wasa a gaban surukai. Na ce, "Ke Talatu, a gidan wa aka raine ki?" Ni kuwa nawa, tun yana zanin goyo "wancan" nake ce masa. Da ya girma ya ci jarrabawarsu ta manyan masu lissafi sai ya koma "Akanta". Ranar da aka yi masa walima, baffansa ya yanka rago, ni ina ƙuryar ɗaki kamar abin bai shafe ni ba. (Ta bayan labule nake leƙen baƙi, bakina har kunne.) A lissafina ya gama boko ke nan, ya kai bangonsa, babu sauran wani abu a gaba.

Ana nan sai matarsa Rabi ta zo gaishe ni. Na ce ina maigidan nata, ta ce, "Ai Inna, ya koma aji."

"Aji kuma? Wane aji?"

"Wai bita suke yi. Ya sayi littafi da fensir. Ya ce in bai je ba ƙungiyarsu za ta cire sunansa, ba zai ƙara sa hannu a takarda ba."

Da ta tafi na zauna ina juya maganar. Ni abin da na sani, yaron da aka mayar aji daƙiƙi ne, kamar ɗan maƙwabcinmu da ya shekara biyu a benci ɗaya. Mutum da furfura ta fara tsiro masa a gemu, mai 'ya'ya huɗu, a ce ya koma riƙe fensir? Na ce wannan makirci ne. Wani ke son kujerarsa, shi ya sa za a wulaƙanta shi tukuna sannan a kore shi. Shi kuma na san halinsa, ko taka shi aka yi sai ya ba ƙafar haƙuri.

Ban shawarci kowa ba. Na yafa mayafina na zuwa biki, na shiga a-kori-kura zuwa Dutsin-Ma. Na yi ta tambaya har aka nuna mini makarantar da suka ari ɗaki. A bakin ƙofa na tarar da Talatu tana kwasar tuwo. Ta ce, "Lafiya, Inna?" Ko kallonta ban yi ba.

Na leƙa ta taga. Me zan gani? Ga Akanta nan tsaye gaban allo da alli a hannu, kamar ɗan aji biyu. Mista Bulus, wanda ba zai girme shi ba, ya sa tsumma ya goge abin da ya rubuta, yana ce masa wani abu da Turanci. Ɗaki ya ɗauki dariya. Shi ma har da murmushi, marar zuciya.

Ban san lokacin da na tura ƙofa ba.

"Kai Malam!" na ce wa Mista Bulus. "Ajiye tsumman nan! Ka san wanda kake goge wa rubutu?"

Daga nan bakina ya ƙwace mini. Na kama sunan yaron nan raɗau, da na ubansa a haɗe, ba sau ɗaya ba. Na ce tun yana ƙarami shi ke yi wa 'yan kasuwar Kurfi lissafin buhunan gero da ka. Na ce bai taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Na ce duk garinmu babu mai kansa. (Wai ni, da ban taɓa ce masa ko sannu da ƙoƙari ba.) Na rufe da cewa in korarsa za su yi su kore shi da girmansa, gonar ubansa tana nan a Tamawa.

Na tsaya in ja numfashi. Sai a lokacin idon nan nawa da ake tsoro ya tuna da aikinsa, na juya na dubi 'yan ajin. Furfura ce zalla. Wani da tabarau, wani da sanƙo. A bencin gaba kuwa, ga Alhaji Sada ma'aji da kansa, babbar rigarsa a tattare, fensir a maƙale a kunne.

"Hajiya," ya ce, yana danne dariya, "in daƙiƙai ake tarawa a nan, to ni ne sarkinsu. Aikinmu ne haka. Dokar haraji takan canza, tsarin rubuta lissafi yakan canza. Duk wanda ya ƙware dole ya riƙa dawowa bita, in ba haka ba sai ya yi wa mutane lissafin bana da dokar bara. Limaminku na Kurfi ya daina ɗaukar karatu ne don ya sauke?"

Mista Bulus ya rusuna, ya sa baki da Hausarsa mai daɗi. "Mama, yi haƙuri. Ni na ce ya rubuta tsohuwar hanya don in nuna sabuwa. Ni ma wata mai zuwa zan je Kaduna a goge mini nawa."

Na nemi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Na juya zan fita, ga Talatu a bakin ƙofa da mara a hannu. Ta ce, "Inna, ban ji sunan da kyau ba. Wa kika ce?"

Akanta ne ya raka ni tasha. Muna tafe, ni gaba shi baya. Da na shiga mota sai ya sunkuyo ta taga, ya ce a hankali, "Inna, ashe dai kin san sunana." Na ja mayafi na rufe fuska, na ce, "Koma aji, kada a yi maka bulalar latti." Yana dariya, amma na ga ya sa hannun riga yana share ido.

Kafin magariba labari ya gama Kurfi, Talatu ba ta yi ƙasa a gwiwa ba. Daga ranar na rage wa matan unguwa faɗa, tunda sun samu abin mayar mini. Na kuma gane cewa ba akantoci kaɗai ke buƙatar bita ba. Tsohuwar da take ganin ta gama sanin duniya ita ce ta fi kowa, sai dai ni tawa bitar a tsaye na yi ta, a gaban jama'a.

Washegari da sassafe na soya waina cike da kwano, na ɗaure da ƙyalle na kai tasha. Direban, wanda tuni ya sha labari, ya karɓa yana ƙunshe baki.

"Wa zan kai wa, Inna? Faɗa mini sunansa don kada in yi kuskure."

Na harare shi. Na ce, "Ka kai wa ɗan makarantar nan. Ka ce ya ɗiba wa malaminsa."