Motar Ofis Mai Ƙarnin Kifi

Na manta abubuwa da yawa a duniyar nan, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi sayar da motar Baba ba. Har gobe in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A-kori-kura ce fara, ko in ce a da fara ce. Shekara da shekaru Baba, Allah ya jiƙansa, yana zirga-zirga da ita tsakanin Gashua da Dagona. Ya fita da safe wayam, ya dawo da kwalayen banda da buhunan shinkafa, masu kayan na zaune a kai. Da ya rasu ni na gaji sitiyarin. Na yi ta lallaɓa ta har na ga ta fi kwana a gareji a kan ƙofar gida. Sai na rufe ido na ba da odar sabuwa wajen wani dila a Kano, na biya kafin alƙalami, ya ba ni wa'adin wata guda in cika.

Dilan ya ce in ina so in kawo tsohuwar a yi musanya, in yi ciko. Na tura masa hotuna ta waya. Kuɗin da ya yi mata ko saniyar kirki ba za su saya ba. Ya kuma ƙara da cewa, "Gaskiya, Malam, yanka ta za mu yi mu sayar da kayan." Na ce Allah ya kiyaye, da hannuna zan sayar. (Na riƙa gaya wa mutane wai zuciyata ce ba za ta iya ba. Da zuciyar a ciki, amma rabi da kwata kuɗin ne suka yi mini kaɗan.)

Nan dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa wanda ba ya shawara. Na kai ta wajen mai fenti, sati uku tana can, ta fito shuɗiya tana ƙyalli. Saura ƙarnin kifi, wanda ya riga ya zama ɗan gida. Na wanke, na goge, yana nan daram. Maiɗakina ta ba ni kasko da turaren wutanta mai tsada, tana dariya ƙasa-ƙasa, na rufe gilasai na turara motar nan kwana biyu. Sannan na ɗora hotonta a waya na rubuta: "Motar ofis ce daga Damaturu, ba ta taɓa ɗaukar lodi ba."

Wanda ya zo wani dattijo ne daga Nguru, Alhaji Modu, mai fataucin riɗi. Mutum ne mara yawan magana. Ya zagaya ta sau biyu, ya buɗe ƙofa, ya ja numfashi.

"Ofishin nan na amare ne?" ya tambaya.

Na yi dariyar yaƙe na ce direban ne mai tsafta. Daga nan bakina ya kwance. Na ce takardu kawai take kaiwa. Na ce a inuwa take wuni. Na ce injinta ba a taɓa kwance shi ba. Shi dai yana gyaɗa kai, can ya ce in ba shi makulli mu ɗan taɓa.

Muka hau titin Nguru, shi ke tuƙi. Ina cikin gode wa Allah sai ya ce, "Ƙauye zan riƙa shiga da ita. Bari mu gan ta a yashi." Ya karya kai ta hanyar Dagona. Ranar kuwa kasuwar Gashua ke ci.

Ba mu yi nisa ba wasu masunta suka ɗago hannu suna kira. Na ce mutanen yankin nan haka suke da son baƙo. Gaba kaɗan wata mata ta ruga bakin hanya da kwali a ka. Na ce wataƙila ta ɗauka motar haya ce. Gumi na bin bayana, ga ƙamshin turare na neman hawa mini kai.

A bakin garin Dagona akwai wata tsamiya. Tun daga nesa na hango wadda ke zaune a gindinta, na san tawa ta ƙare. Ya Falmata ce, tsohuwa mai sayar da banda, wadda idonta ya daɗe da tafiya, sai haske da duhu kawai take bambancewa. Duk ranar kasuwa Baba ke ɗaukarta, bai taɓa karɓar ko kwabo nata ba, ni ma haka na ci gaba. Kuma ban aika mata cewa motar ta tafi fenti ba. Ko tunawa ban yi ba.

Fentina bai dame ta ba, tunda ba ganinsa take ba. Kukan salansa ta ji. Ta miƙe, ta kakkaɓe zane, ta ɗaga sanda. Alhaji, mutumin kirki, ya taka birki.

Ƙofar gefen fasinja tana da hali: sai an ɗaga ta da gwiwa kafin ta buɗe. Ya Falmata ta lalubo ta, ta sa gwiwa, ɓaras ta buɗe. Na matsa tsakiya kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya, giyar mota na dukan ƙafata.

"Wushe, ɗan Bukar," ta gaishe ni da Barbarci, ta kama sunan Baba. "Sati uku ina fitowa ina komawa da kayana. Na ce ko ta kuma faɗawa ruwa ne."

"Ta taɓa faɗawa ruwa ne, Iya?" in ji Alhaji, cikin ladabi.

"Sau biyu! Shekarar ambaliya shanu huɗu suka jawo ta. Wane ne wannan? Baƙo ka yi?" Ta shinshina. "Kai kuma aure ka ƙara?"

Aka loda mata kwalayenta a baya, a kan sabon fenti, muka juyo. Ni fa tunda nake ban taɓa sanin hanyar nan na da tsawo haka ba. Ta ba Alhaji tarihin motar ofis tiryan-tiryan. Injin nan shi ne na uku. Buhu nawa take ɗauka in an matsa mata. Matan da suka haihu a bayanta kafin a isa asibiti, har da jikarta. Yadda Baba ke shafa sitiyari yana ce mata "haƙuri, 'yar gari" in za ta hau tudun yashi.

"A bayanta aka kai Bukar makwancinsa," ta ce, muryarta ta yi ƙasa. "Mutumin da ko akuya zai sayar sai ya gaya maka tana tari. Ɗan nan nasa ma haka yake, Alhaji. Shi ya biyo."

Da ma zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Na sunkuyar da kai ina kallon giya, idona ya cika, na rasa hannun da zan share da shi.

Da muka sauke ta a bakin kasuwa, na buɗe baki zan fara kame-kame. Alhaji ya ɗaga hannu.

"Ni motar ofis me za ta yi mini a yashi?" ya ce. "Tun farko da na ji kukanta na san ƙarya kake, na zo ne in ga iyakarka. Mai jure lodi nake nema. Yanzu faɗa mini aibinta daga farko, kamar yadda mahaifinka zai faɗa."

Na faɗa, tun daga kuloci har ƙofa. Ya saya. Bai kai abin da na yi buri ba, amma ya fi na dila nesa, kuma ba yanka ta zai yi ba.

Kafin mu tafi na koma wajen Ya Falmata, na durƙusa na gaya mata gaskiya duka, har ƙaryar. Ta lalubo kaina ta dungure ni. Sannan ta ce, "To ita sabuwar yaya kukanta yake? Don in san lokacin tashi."

Sabuwar ba ta da kuka, lumui take tafiya. Shi ya sa duk ranar kasuwa sai na tsaya a gindin tsamiyar nan na sauko na yi sallama da bakina. Abin da na koya kuwa, in har za ka yi wa mota ƙaryar asali, kada ka yarda a gwada ta a hanyar da take da dangi.