Harshen Royce da Tukunya ta Biyar

Ku yaran yanzu ba kwa karanta abin da aka rubuta, ba kwa kuma jin abin da aka faɗa muku. Bakinku kullum yana gaba da gudu, hankalinku yana can baya yana neman takalmi. To ku zauna ku ji abin da ya sami Royce Tillery, don ba zan maimaita ba.

Royce shekararsa talatin da biyar, shanunsa arba'in, hularsa kuwa ta isa ta yi wa maruƙa uku inuwa. Da jiharmu ta Oklahoma ta kafa doka cewa duk naman da aka haɗa da waken suya ko wani tsiro sai an rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin ledarsa, sai Royce ya bi gari yana cewa shi ya jawo ta. Waya ɗaya ya buga majalisa, ita ma ba a ɗauka ba.

"Ai dokar nan don masu mataccen baki aka yi ta," in ji shi a shagon abincin dabbobi. "Ni harshena ya fi takarda. A ba ni loma ɗaya, in faɗi shekarun saniyar, da ciyawar da ta ci, da ko ta mutu da fushi. Naman da ake rainonsa a kwalba a ɗakin gwaji kuwa, daga bakin ƙofa nake jin warinsa."

Abin da yake so a fili yake: shugabancin ƙungiyar makiyaya ta gundumarmu. Ranar Asabar za a yi zaɓe, bayan cin abincin shekara a zauren coci. Don ya nuna shi ne mai tsaron nama, ya je aka buga masa jajayen takardun liƙawa guda ɗari biyar, kowace an rubuta BA NAMA BA NE.

A cin abincin nan kowace mace tana kawo tukunyar cili, wato faten niƙaƙƙen nama mai barkono, ta ajiye kati a gabanta mai faɗin abin da ke ciki. Sunanta kuwa a gindin tukunya take liƙa shi, don tukunya ta koma gidan da ta fito. Haka muka tarar, haka muke yi. Bana tukwane bakwai ne. Ɗaya ta Marisol Quintero ce, ma'aikaciyar jinya, wadda likita ya hana mijinta jan nama. Ta rubuta NA WAKEN SUYA NE da harufan da ko ni, da karatuna ya tsaya a aji uku, na karanta ba tabarau.

Royce ya shigo da tsakar rana, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga makiyaya sittin da matansu. Ya ce a ransa yau kujera ta zo hannu.

"Jama'a! Na ji an shigo mana da wake cikin rigar sa. A kwashe katunan nan, a sassauya wa tukwanen wuri. Ni zan kamo ɓarauniyar da harshena!"

Matarsa Darlene ta ce, "Royce, zauna ka ci abinci."

Surukarsa, Inna Opal, ta dube shi ta saman tabarau. "Ɗan nan, bar katunan inda masu su suka ajiye. Ba wanda ya ɓoye maka kome."

"Inna, wannan aikin maza ne."

"To. Allah ya ba maza sa'a."

Ya rufe fuska da hula, aka kwashe katuna, aka jujjuya tukwane. Ya ɗauki cokali yana taku kamar alƙalin kotun ƙoli.

Tukunya ta farko ya ce nama ne, amma saniyar ta tsufa. Ta biyu ya ce gishiri ya yi yawa. Mata biyu suka ɗaure fuska, da su ƙuri'un mazansu biyu suka tafi, shi bai lura ba. Da ya kai ta uku ya sa loma, sai ya lumshe ido, ya dafa ƙirji.

"Allahu! Kun ji nama! Bijimi ne, ɗan shekara biyu, ciyawar bakin rafi ya ci. Ina jin iskar filin a bakina. Wadda ta dafa wannan, kiwo a jininta yake."

Ya ƙara cokali. Ya nemi kwano ya cika, ya shanye, ya sake cikawa. Marisol ta buɗe baki za ta yi magana, Inna Opal ta taka mata ƙafa.

Ta huɗu ya wuce ta da gyaɗa kai. A ta biyar ya tsaya, don lokacin barkono ya riga ya gama da harshen nan mai daraja, kuma ya ga tukwane suna ƙarewa bai kama kowa ba. Ya ɗanɗana, ya yamutsa fuska, ya tofar a tsumma a gaban kowa.

"Na kama ta! Tayar mota! Wannan bai taɓa yin kuka ba, bai taɓa kaɗa wutsiya ba. Ko dai wake ne, ko na kwalba ne. Wadda ta kawo shi ba ta taɓa ganin saniya ba sai a talabijin, kuma ina tausaya wa mijin da ke cin girkinta."

Ya zaro jar takarda ɗaya daga aljihu, ya manna wa tukunyar, ya bi da babban yatsa ya danne.

Inna Opal ta tashi a hankali, ta sa tsumma ta ɗaga tukunya ta uku, ta leƙa gindinta.

"Marisol Quintero," ta karanta. "Bijimin bakin rafi. Kwano biyu ka ci, ɗan nan."

Aka fashe da dariya. Marisol ta ce, "Na gode da yabo, Royce. In kana so zan rubuta maka yadda ake jiƙa bijimin."

Inna Opal ta ɗaga ta biyar. Ba ta ma karanta ba, juyo masa gindin kawai ta yi. Darlene Tillery. Shekara goma sha ɗaya da aure, mutumin nan bai san kalar tukunyar matarsa ba. Naman ciki kuwa na Janar ne, bijiminsa da ya shekara biyu yana cika mana kunne da shi, wanda aka yanka mako guda kafin nan.

Mai hankali da sai ya zauna. Royce ya ce mura yake yi. Aka ce ba a ji ya yi tari ba. Ya ce to mahauci ne ya musanya masa nama. Mahaucin, tsoho Harlan, yana nan zaune, damatsansa kamar turmi.

"Maimaita, yaro, kunnena ya yi nauyi. Kana tsaye na yanka shi, har hoto ka ɗauka kana riƙe da ƙaho."

"Wasa nake, Baba Harlan."

"Da ni ko da matarka?"

Darlene ta miƙe. Ta zo ta sa hannu a aljihunsa, ta kwashe sauran takardun, ta zuba a jakarta, ta ɗauki tukunyarta ta fita.

Aka yi zaɓe da ɗaga hannu. Royce ya sami ƙuri'a ɗaya, ita ma tasa ce, da ya ga kowa na kallonsa sai ya mai da hannun yana sosa ƙeya.

Ranar Litinin Darlene ta rabar da naman Janar kaf ga gidajen da ke da buƙata. Da yamma ta ajiye wa mijinta kwanon dafaffen wake, da jar takarda manne a gefe.

"Haba Darlene, mene ne haka?"

"Doka ce. A rubuta abin da ke ciki, don masu mataccen baki."

"Har yaushe?"

"Har takardun su ƙare. Kai ka buga su, ka fi ni sanin yawansu."

Ya roƙa a riƙa manna uku a rana don su yi saurin ƙarewa. Ta ce ɗaya, ba ta son almubazzaranci. Ranar Lahadi kuwa ba ta lissafi, don a gidan Inna Opal suke ci, ita kuma ba ta buƙatar takarda, wakenta a fili take zuba masa, ta tsaya a kansa ta tambaye shi shekarun saniyar.

Jiya na gan shi a shagon abincin dabbobi, ya rame, hular ta yi masa yawa. Saura ɗari uku da goma sha biyu.