Kumatun Alhaji Datti Ne Makullin Asibitinmu

Jama'a, shekaranjiya na ga abin da ya sa na ajiye fartanya na ɗauki biro. Maƙwabcina Baballe ya shiga feshin tumatir a gonarsa ta bakin kanal ɗin ruwan noman rani, iska ta juyo masa da maganin. Kafin azahar sai ga shi yana dalalar da yawu, gumi sharkaf, numfashi da ƙyar. Ni da matarsa Baraka muka cusa shi a adaidaita, sai ɗan asibitinmu na gefen Bunkure.

Sista Joanna muka tarar. Ta tuɓe masa riga, ta wanke shi da sabulu, ta ɗauko allura. Sai ta tsaya.

"Malam, allurar ke nan, amma ban taɓa yin ta ba. Sai na duba yawan da ake yi da lokacin maimaitawa. Ba na cankar ran mutum."

Na ce to ina littafinku? Ta ce ai an kwashe. Bara Mai Girma Uban Ƙaddamarwa, Allah Ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya zo da jiniya da makaɗa ya sanar cewa zamanin takarda ya wuce. Aka loda littattafan a mota, aka kawo kwamfutar hannu wadda aka ce ilimin likitocin duniya kaf yana ciki. Sai dai wajen ɗaukar hoto Mai Girma ya ɗaga ta saitin fuskarsa yana murmushi, ita kuwa baiwar Allah ta riƙe shi a matsayin ubangidanta. Tun ranar, in ba ta ga fuskarsa ba, ba ta buɗewa. Sista ta kai kuka har ta gaji, aka ce an kafa kwamiti. Sabis ɗin waya kuwa a kwarin nan sai dai labari.

Ni ban ga laifin na'urar ba. Mu ma tun ranar muke neman fuskar nan.

Baballe ya fara kakari. Na ruga na ɓanɓaro fastar Mai Girma daga jikin gadar kanal, muka nuna wa na'ura. Ta ƙi. Ashe fastar kafin zaɓe ce, lokacin ƙasusuwan wuyansa suna waje irin namu.

Baraka ta share hawaye ta ce, "In kumatu take so, ai ga Alhaji Datti mai injin shinkafa can!"

Muka janyo Alhaji, dusa har gira. Aka karkaɗe shi, aka karkata masa hula.

"Wai me na yi muku ne?" in ji shi.

Sista ta ce, "Alhaji, murmushi kawai za ka yi."

Ya washe baki. Na'ura shiru.

Baraka ta ce, "Haba Alhaji, ba wannan ba. Irin wanda kake yi mana in ka ce gobe-gobe shinkafarmu za ta fito."

Alhaji ya lumshe ido, ya saki wannan murmushin da duk manomin yankin nan ya sani. Nan take na'ura ta buɗe, har da yi masa barka da zuwa.

Sista ta karanta, ta zuƙi allura, ta tsaya a kansa tana maimaitawa yadda aka rubuta. Bayan la'asar Baballe ya buɗe ido, maganarsa ta farko ita ce wa ya tare masa ruwa a gona. Baraka ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce gonar ta ci gidansu.

Yanzu dai gari ya yanke shawara. Alhaji Datti ba ya zuwa ko Garun Malam sai ya sanar da asibiti. Mata na aika masa fura da dambu. Sista da ta daɗe tana yi masa faɗan ya rage maiƙo saboda hawan jini, in ta gan shi gaban mai tsire sai ta kau da kai.

Muna godiya, ranka ya daɗe, ci gaba ya iso mu. Abu ɗaya ne ke damuna: azumi ya ƙarato, Alhaji Datti kuwa mutum ne mai saurin ramewa.