Abin Da Na Ce Game Da Nonon Matar Yayana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da karatuna ya kusa kashe auren Yaya Salifu. Lokacin ina jami'a, ina bincike a kan wasu sinadarai da jikin mutum ke ƙerawa da kansa, masu aiki a ƙwaƙwalwa ta hanyar da sinadarin wiwi ke bi. Su ke taimakawa wajen yunwa da barci da rage zafi. A unguwarmu Didaouré da ke Sokodé kuwa abin da aka sani kawai shi ne ina karatun likita, ni ma ban taɓa gyara wa kowa ba.

Matarsa Bintu ta tafi haihuwar fari gidan iyayenta a Dapaong, sai muka cika mota daga Sokodé zuwa suna. Ɗaki ya cika da mata ana cin shinkafa, jariri ya sha nono ya saki jiki yana barci, baki a buɗe. Mahaifiyar Bintu, Hajiya Azumi, ta ce, "Yaron nan ba ya kuka, da ya sha sai barci. Ke likita, lafiya dai ko?"

Amsar ita ce "lafiya lau". Na san haka yanzu.

Gyara zama na yi (har da ajiye cokali), na ce ai bincike ya nuna nonon uwa na ɗauke da wani sinadari ɗan'uwan na wiwi, ana ma jin yana taimaka wa jariri ya kama nono. Ɗakin ya yi tsit. Ni kuwa na ɗauka sha'awar ilimi ce, na ci gaba har da zana ƙwayar halitta a bayan faranti.

Hajiya ta ce, "Wato 'yata tana shan wiwi."

Bintu ta fashe da kuka. Innarmu ta mintsine ni a cinya. Nan take Hajiya ta rantse ko an yi arba'in 'yarta ba za ta koma gidan da ake mata wannan ƙazafi ba. Aka kira Yaya daga wajen fiɗar rago, ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona kamar bai taɓa ganina ba.

Inna ta ce in durƙusa in gyara maganata. Na durƙusa, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba Bintu kaɗai ba ce. Kowace mace haka nononta yake. Har naki da kika shayar da ita."

(Har yau ban ga ƙarya a ciki ba, amma na ga fuskar Hajiya.)

Sai da kawunnanmu suka yi zuwa biyu Dapaong da goro kafin Bintu ta dawo. Sharaɗin shi ne in tsaya gaban matan nan in ce sharrin karatun boko ne ya taɓa ni. Na faɗa, wata tsohuwa ma ta tofa min addu'a a ka. Kunyar da na ji ranar ba ta sake ni ba.

Na gama binciken, na ci jarrabawa da yabo. Yaron ya girma, yana zuwa makaranta, kuma bai san ina da wani suna ba sai Tanti Wiwi, wato Gwaggo Wiwi. Shi ya sa yanzu duk wadda ta ce min jaririnta na barci sosai, sai in ce masha Allah, in ci gaba da cin shinkafata.