Yadda Za Ki Kayar Da Mijinki A Tseren Neman Gurbi Ba Tare Da Ya Sani Ba

'Yar'uwa, idan mijinki direban tseren mota ne, kuma tun da watan Fabrairu ya doso ya tare a gareji yana lallashin inji da muryar da bai taɓa lallashinki da ita ba, to jawo kujera, ɗora yaron a cinya. Ga hanya tabbatacciya da za ta dawo miki da shi gida da ƙafafunsa biyu, ransa a ɓace, ƙasusuwansa a haɗe. Ɓacin rai kwana uku ne. Ƙashin baya kuwa ba a sayar da shi a shagon kayan gyara.

Duk matakan nan an gwada su. Tabitha Gentry ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya, matar Coy mai mota lamba tamanin da shida, uwar Josie 'yar wata goma. Ki bi sawunta kawai.

Mataki na 1: Ki san inda gizo ke saƙa

Babban tseren Lahadi a Florida mota arba'in yake ɗauka. Kusan duk guraben na 'yan gata ne, masu manyan kamfanoni a bayansu, waɗanda ko da amalanke suka zo wurinsu na nan a ajiye. Ɗan abin da ya rage shi ake jefa wa irin mazanmu kamar ƙashi, su yi kokawa a kai ranar Alhamis. A rukunin da aka sa Coy mota ashirin da ɗaya ce, marasa gata uku. Wanda ya riga 'yan'uwansa biyu ƙetare layi ya shiga tseren Lahadi, ko da kuwa shi ne na goma sha tara.

Kin ga ke nan aikinki kaɗan ne: mutum ɗaya tak kike so ya riga mijinki. In ta yi kyau, zagaye sittin za ki danne zuciya, a tattara a koma gida. In ba ta yi ba, Lahadi zagaye ɗari biyu ne, ana gudun mil kusan ɗari biyu a awa, tsakanin mota da mota ko tafin hannun Josie ba zai shiga ba.

Mataki na 2: Kada ki roƙe shi

Tabitha ta yi wannan kuskuren ranar Kirsimeti, ana kan tebur a gidan surukarta, Mama Verna.

"Coy, dubi yarinyar nan fa. Ko 'Baba' ba ta iya faɗa ba tukuna."

"Ai shi ya sa, Tabby," in ji shi, bakinsa cike da naman talo-talo. "Ranar da za ta iya, so nake ta faɗe shi tana nuna talabijin."

Mama Verna ko kai ba ta ɗaga ba, tana yanka waina mai kabewa. "Adana yawunki, 'yar nan. Shekara ashirin na yi ina roƙon ubansa. Kin san wanda ya ji maganarsa a ƙarshe? Katangar kwana ta huɗu a filin tsere. Ga shi can kan kujera da ƙarfe a ƙugu, kwana biyu kafin ruwa ya sauko yake sanar da mu."

Tsohon ya ɗaga kofinsa daga falo, wai an yabe shi.

Ki riƙe wannan hikimar: hawayen mace fetur ne a tankin direba. Kina zubawa, yana ƙara wuta.

Mataki na 3: Kada ki taɓa motar

A nan babu wasa. Ko noti ɗaya kada ki kwance, ko waya ɗaya kada ki ja. Motar da aka yi wa illa ba a gareji take tsayawa ba, a tsakiyar garken motoci take tsayawa, da mota goma a bayanta. So kike ya faɗi tsere. Zawarci ba ya cikin lissafi.

Mataki na 4: Ki gwada tukunya

Motocin nan ba su da ƙofa, ta taga ake zurawa. Duk macen da ta taɓa kallon mijinta yana shiga ta san abin da ya kamata ta yi.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu Tabitha ba ta sauke kasko ba. Soyayyar kaza, burodin masara da man shanu, haƙarƙari mai zuma, miyar tsiran nama a kan biskit tun da safe. Coy ya yi ta godiya, har ya gaya wa fasto cewa aurensu ya shiga sabon babi. Rigar tserensa ta ƙi rufuwa, aka kai wa tela.

Ranar gwaji ya zura ƙafafu, ya zura ƙugu, sai ciki ya ce ba da shi ba. Zuciyar Tabitha ta yi fari. Sai Kawu Hoyt, ƙanin Mama Verna kuma shugaban makanikan motar, ya ajiye sifana, ya tofa yawu a tafin hannu, ya dafa kafaɗun Coy.

"Fitar da numfashi, ɗan nema! Na sa injin tirela a ƙaramar mota, kai ne za ka gagare ni?"

Ji kake fuk, ya shige. Nauyin da ya ƙara kuwa, dalma suka rage daga ƙasan motar, shi ke nan. Wannan matakin ba ya aiki, amma ki yi shi. Ko ba komai, kitse matashi ne.

Mataki na 5: Ki raba shi da abokai

Yanzu muka zo wurin. A wannan filin, mota ita kaɗai ba ta gudu, iska ce ke danne ta. Sai an jeru hanci a bayan wani, na gaba yana tsaga iska, na baya yana tura shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya rasa mai tura shi, garke zai wuce ya bar shi kamar an ɗaure masa dutse. Shi ya sa tun Litinin za ki ga mazan da ba sa ga-maciji suna dafa kafaɗar juna, ana ƙulla wa zai tura wa. Coy ya samu alkawarin mutum biyu.

To mazan nan, da injiniyoyinsu da kwamfutocinsu, abu ɗaya ke razana su: ɓawon gyaɗa. An ce tun zamanin kakanni aka yi wani mummunan karo, aka tsinci ɓawo a cikin tarkace, daga ranar gyaɗa mai ɓawo ta zama haram a kusa da motar tsere. Mutum zai shiga kwana da gudun da tsuntsu ba ya yi, amma ya ga ɓawo ɗaya a ƙasa sai ya yi tsalle kamar ya taka kunama.

A hanyarsu ta zuwa Florida, Tabitha ta ce kwaɗayi ya taso mata, ta sa Coy ya tsaya a Georgia ta sayi dafaffiyar gyaɗa leda guda. Ɓawon ta adana a ƙasan jakar nafkin ɗin Josie. Babu mai gadin da ya taɓa tona jakar nafkin har ƙasa.

Safiyar Alhamis ta kai wa makanikai kofi. Ta sunkuya wai takalmin yarinya ya faɗi, ta watsa cikin hannu guda a ƙarƙashin motar, ta ɗora ɗaya a bakin taga don kada a yi makuwa. Ita 'yar coci ce, ba ta yarda da camfi ba. Duk da haka sai da ta yi addu'a sau uku kafin ta buɗe hannun.

Kawu Hoyt ne ya fara gani. Hularsa ya cire.

"Wane la'ananne ne? Wane marar tsoron Allah? Ku kawo tsintsiya! Duk wanda ya fitar da maganar nan daga garejin nan, da hannuna zan ɗinke masa baki."

Mataki na 6: Ki ba amana ga wadda ba ta riƙewa

Ɓawon da aka share bai yi aikin komai ba sai an ji labarinsa. Kowane sansani yana da mace guda da ta fi lasifika. A nan Crystal ce, matar Wade Sizemore, ɗaya daga cikin marasa gata ukun. Tabitha ta same ta wurin wanki.

"Crystal, don Allah tsakanina da ke. Gabana sai faɗuwa yake. Gyaɗa aka gani a motar Coy."

"Wayyo ni! Mai ɓawo?"

"Mai ɓawo."

"Kabari ne cikina, ƙawata. Riƙe min kwandon nan, ina zuwa."

Kafin azahar cikin hannu ya zama buhu, kuma wai a kan kujerar direba aka same shi. Kawu Hoyt ya je tuna wa masu alkawari alkawarinsu. Na farko ya ce rediyonsa na ba shi matsala. Na biyu ya fi gaskiya.

"Kawu, 'ya'yana uku. Ka gaishe min da Coy."

Mataki na 7: Ki gyara fuska

Ki tsaya kusa da motar lokacin addu'a da taken ƙasa, hannu a ƙirji. Ki sumbace shi, ki ce, "Ka nuna musu." Sannan ki toshe wa yarinya kunne, ki sa naki abin sauraro, ki ji aikin hannunki.

Ana sauke tuta, sai ka ce kuturu ya shigo kasuwa. Coy ya matsa bayan wannan, ya kauce. Ya koma bayan wancan, ya sauya layi. Wanda ya tsinci kansa a bayan Coy kuwa sai ya ɗaga ƙafa daga totur, ya ba shi fili kamar motar asibiti. Zagaye na goma yana na ƙarshe. Zagaye na talatin garke ya ba shi rabin fili.

"Kawu, ina mutanena?" muryarsa a rediyo.

"Suna gaishe ka."

"Ni kaɗai nake ta yawo kamar mai kai wasiƙa!"

"To ka kai ta lafiya."

Tabitha ta sunkuyar da kai cikin gashin Josie. Matar da ke kusa ta dafa ta, ta ce ta yi haƙuri, akwai baɗi. Kafaɗun Tabitha na rawa, amma ba kuka take ba.

Mataki na 8

Wannan ba shi da suna, domin babu wadda ta tsara shi.

Saura zagaye uku, a kwana ta uku, wani ya tura wani ba daidai ba. Mota ɗaya ta juya a tsakiyar garke, kuma garken da ke tafiya hanci da baya ba shi da wurin kaucewa. Hayaƙi ya tashi, ƙarfe ya yi ta cin ƙarfe. Mota goma sha ɗaya. Ta Wade ta tashi sama, ta nuna wa jama'a cikinta, ta dawo a kan rufinta. Ɗaya marar gatan ya shige ciyawa ba ƙafar gaba.

Can sai ga lamba tamanin da shida ta taho ita kaɗai, a natse, da isasshen lokacin taka birki. Kawu Hoyt yana ihu, "Ƙasa! Bi ta ƙasa! Hagu, ɗan nema!" Wata murya kuma ta fi tasa ƙarfi, tana cewa, "Wuce, Coy, wuce!" Sai da Josie ta fashe da kuka Tabitha ta gane muryarta ce.

Ya ratsa tarkacen ko ƙwarzane babu. Ya ƙare na goma cikin goman da suka rage. Ya shiga tseren Lahadi.

Wade ya fito da ransa, da karyayyen ƙashin wuya da haƙarƙari huɗu. Crystal ta bi gadon da aka ɗauke shi a kai da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Tabitha ta ga wannan, kuma za ta daɗe tana ganinsa.

A gaban kyamara Coy ya gode wa Allah, ya gode wa Kawu Hoyt, ya gode wa kamfanin yashe masai na garinsu da sunansa ke jikin motar. Mama Verna ta bugo waya ta ce tsohon ya tashi tsaye ba sanda. Sai bayan an watse Tabitha ta same shi a bayan tirela, zaune a kan taya, yana fama da murfin robar ruwa. Ta karɓa ta buɗe masa.

"A bayan motar Wade na shirya zama, Tabby," ya ce. "Tun Litinin. Nan ne wurina."

Ya ɗago ya dube ta.

"Kawu ya nuna min ɓawon. Na dafaffiya ne, har da jiƙarsa. Mutum ɗaya na sani da ya sa na tsaya a Georgia."

Ta gyara wa Josie hula, ta sake gyarawa. Ta jira faɗa, ta jira a ce ta tattara kayanta. Shi kuwa ya shanye ruwan, ya daɗe yana kallon robar.

"Akwai sauran ɓawon?"

"Rabin leda."

"Lahadi mota arba'in ce," ya ce a hankali, yana waiwaye kada Kawu ya ji. "Rabin leda ba zai isa ba."

Sanarwa

Mai wannan shawara ba ta ɗauki alhakin komai ba: ko mijin da ya yi ƙiba, ko kawun da hawan jininsa ya tashi, ko ƙawar da za ki kai wa abinci asibiti ki kasa haɗa ido da ita. Wadda ta bi matakan nan mijinta ya faɗi, sa'arta ce. Wadda ta bi ya shiga, ta kuka da kanta, ita ta ga dama ta auri direba alhali ga masu gyaran famfo nan birjik a gari. Ba a karɓar ƙorafi. Kuma kada wanda ya nemi Tabitha ranar Lahadi daga ƙarfe biyu zuwa shida. Tana banɗakin mata na bayan rumfa, ta kunna famfo, ta rungume Josie, tana ƙirga zagaye ɗari biyu da ƙarar da ke ratso bango.